Sabuwar Jita, Tsohon Kunne

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kabuga da la'asar sakaliya ya san wurin ba ya rabo da ƙara. Ga motocin da suka fito daga cikin gari suna neman hanyar Gwarzo, ga masu jigilar ɗaliban Jami'ar Bayero tsakanin tsohon matsuguni da sabo, ga kuma 'yan A Daidaita Sahu, kowa da irin kukan injinsa. Ƙofar kanta ta daɗe da sanin baƙuwar ƙara, domin ta nan ne rundunar Turawan Ingila ta kutsa birnin Kano da igwa a watan Fabrairu na 1903. Baƙo idan ya sauka a unguwar, da ƙyar zai runtsa a daren farko. Amma waɗanda aka haifa a nan, in an tambaye su, sai su ce su ba sa jin komai.

To, ashe kunne yana sabo. Abin tambaya shi ne, a ina wannan sabo yake faruwa, kuma kowane irin sabo ne alheri? Akwai wani kayan kiɗa da ke ba da amsar wannan tambaya dalla-dalla, wato jita mai aiki da lantarki.

A ɗauki misalin wani saurayi a wannan unguwa, wanda ya shekara biyu yana koyon kiɗa da jitar katako, mai rami a ciki. Ya yi ta tari har ya sayi mai lantarki a Sabon Gari, tare da ɗan akwatinta na ƙara sauti. A shago ya ji ta garau. Da ya iso gida ya jona ta, ya taɓa tsirkiya, sai ransa ya ɓaci. Sautin ya yi tsini kamar ana kankare tukunya, akwai wani gurnani da ba ya yankewa, kuma kowane ɗan kuskuren yatsa sai ya fito fili. Abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne an cuce shi. Galibi kuwa ba a cuce shi ba. Bayan mako biyu ko uku, jitar da ya so ya mayar ita ce za ta hana shi barci don daɗi, alhali ko ƙusa ɗaya ba a canza a jikinta ba.

Jitar da ba ta da ciki

Garaya da gurmi da molo da kuntigi duk hanya ɗaya suke bi wajen fitar da sauti. Tsirkiya ita kaɗai ba ta da murya, domin ta yi siranta da yawa, ba ta iya tura iska. Idan aka kaɗa ta, karkarwarta takan bi ta kan jaki, wato ɗan katakon nan da ke tokare da ita, ta shiga fatar da aka rufe ƙwarya ko akushin da ita. Fatar ce ke tura iska, iska kuma ta kai wa kunne. Marigayi Ɗanmaraya Jos da tsirkiya ɗaya da ɗan ƙaramin gwangwani rufe da fata ya yi suna har ƙetare. Jitar katako ma haka take, sai dai allon katako ne a madadin fata.

Jita mai lantarki ta saɓa wa wannan tsari gaba ɗaya. Yawancinsu gungumen katako ne kawai, ba rami. In ba a jona ta ba, wanda ke bakin ƙofa ma da ƙyar zai ji ta. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai wasu ƙananan na'urori, biyu ko uku, waɗanda za a iya kira maɗaukan sauti. Kowannensu maganaɗisu ne da aka naɗe da wayar jan ƙarfe, siririya kamar silin gashi, zagaye dubbai. Tsirkiyoyin na ƙarfe ne. Da zarar tsirkiya ta yi karkarwa a gaban maganaɗisun, sai ta dama ƙarfinsa, wannan damawa kuma ta haifar da 'yar wutar lantarki a cikin naɗin wayar, wadda ba ta cika kaiwa bolt ɗaya ba. Wutar tana hawa tana sauka daidai da rawar tsirkiyar. Akwatin ƙara sauti ya karɓe ta ya ƙarfafa, lasifika kuma ta mayar da ita ƙara.

Ɗaliban kimiyyar lantarki za su gane wannan ƙa'ida nan take. Ita ce wadda Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831, ita ce kuma ke aiki a injinan Kainji da Shiroro, da cikin ɗan janaretan mai shayi. Sai bayan shekara ɗari aka ɗora ta a kan jita, lokacin da George Beauchamp da Adolph Rickenbacker suka fara sayar da tasu a Amurka a 1932. Leo Fender ya fito da mai gungumen katako a 1950, kamfanin Gibson ya biyo baya da samfurin Les Paul a 1952, sannan Fender ya kawo Stratocaster a 1954. Har yau yawancin waɗanda ake gani a kasuwa surar waɗannan suke kwaikwayo.

Wato dai maɗaukin ba kunne ba ne. Ba ya jin ƙara, motsin ƙarfe kawai yake gani. Da za a kara shi a jikin goge ko kukuma, masu tsirkiyar gashin wutsiyar doki, ko mai gogen ya kwana yana goga ba abin da zai fito.

Daga nan ne baƙuntar farko take tasowa. Mai jitar katako ya saba sauti ya fito daga cikinsa, yana jin katakon yana rawa a ƙirjinsa da cinyarsa. Yanzu yatsunsa na nan, amon kuma yana fitowa daga wani akwati a kusurwar ɗaki. Na biyu, a garaya ko kuntigi fata takan kwashe ƙarfin tsirkiya nan da nan ta ba iska, shi ya sa sautinsu ke fitowa da ƙarfi ya mutu da wuri. Gungumen katako ba ya kwasar ƙarfin da sauri, saboda haka tsirkiya takan daɗe tana kuka. Wanda ya saba sauti ya mutu da kansa, yanzu dole ya koyi kashe shi da tafin hannu. Masu wannan sana'a sun san cewa rabin aikin hana tsirkiyoyin da ba a buƙata yin magana ne.

'Yan rakiyar sauti

Me ya sa za a kaɗa sauti ɗaya a gurmi da jita, kaurinsu ɗaya, amma ko yaro ya bambance su? Dalili shi ne tsirkiya ba rawa ɗaya take yi ba. A ɗauki tsirkiya ta biyar a jita, wadda ke kai-da-kawo sau 110 a kowane sakan. A daidai lokacin da dukkan tsawonta ke wannan rawa, kowane rabinta yana tasa rawar sau 220, kowane sulusinta sau 330, kowane rubu'inta sau 440, haka dai har sama. Na farkon shi ne uban tafiya, shi ke nuna kaurin sautin ko sirantarsa. Sauran 'yan rakiya ne. Yawansu da ƙarfin kowannensu su ne ke ba kowane kayan kiɗa muryarsa, kamar yadda ake gane muryar mutum daga bayan katanga.

Maɗaukin sauti yana kallon ɗan gurbi ɗaya ne kawai na tsirkiya. Wanda ke kusa da jaki yana wurin da babbar rawar ba ta da faɗi, saboda haka 'yan rakiya masu tsini ne suka fi rinjaye a cikin abin da yake kwasowa. Wanda ke kusa da wuyan jitar kuwa yakan kwaso murya mai kauri da taushi. Sau da yawa sabon mai jita yakan tarar an bar makunnin zaɓi a kan na kusa da jaki, shi kuwa bai ma san amfanin makunnin ba.

Kunnen mutum shi ma yana da nasa son kai. Matashi mai lafiyar kunne yana jin karkarwa daga sau 20 zuwa wajen sau 20,000 a sakan, amma ba daidai yake jin su ba. Ramin kunne ɗan bututu ne da bai wuce santimita biyu da rabi ba, kuma yakan ƙarfafa sautukan da ke wajen sau 3,000 a sakan. Jita mai lantarki tana da ƙarfi ƙwarai a wannan yanki. Tsinin da saurayin ya ji ke nan.

A 1933 wasu masana biyu a Amurka, Harvey Fletcher da Wilden Munson, suka auna yadda mutane ke jin ƙarfin sautuka daban-daban. Suka gano cewa idan an rage ƙara, sautuka masu kauri ne ke fara ɓacewa daga ji, masu tsini su saura. Idan an ƙara ta kuwa, sai masu kaurin su dawo, kiɗan ya cika kunne. Mai shago yakan gwada jita da ƙarfi. Saurayin kuwa a gida dole ya rage, don akwai iyaye da maƙwabta, ga kuma masallaci a kusa. Jita ɗaya ce, akwati ɗaya, amma kunnensa ya ji abu biyu. A riƙe wannan batu, domin akwai tarko a cikinsa.

Ɗakin ma ba ɗan kallo ba ne. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan. Tsirkiya mafi kauri tana rawa sau 82, wanda ke nufin kowane zango na igiyar sautinta ya ɗara mita huɗu kaɗan, kusan faɗin ɗakin kwana. Sautin yakan bugi bango ya dawo ya haɗu da mai tahowa, a wani gurbi su taru su yi rugugi, a wani gurbin su kashe juna. Ɗakin bulo mai shafen siminti da tayil, wanda ba labule ba darduma, yakan dawo da tsinin sauti kusan yadda ya je. Katifa da labule da shimfiɗa sukan shanye shi. Matsar da akwatin daga kusurwa, ko ɗora shi a kan kujera, kan yi gyaran da mutum zai zaci sabon akwati ya saya.

Ita ma jitar tana ɗan sauyawa. Sababbin tsirkiyoyi sun fi tsini, kuma sukan yi ta miƙewa a kwanakin farko, sai an yi ta ɗaure su. Gumi da ƙura sukan cika tsakanin naɗinsu su dakushe su, a Kano kuwa ƙura ba ta da wuyar samu. Da hunturu katakon wuyan yakan bushe ya ɗan tsuke, har a ji bakin ƙarafan da aka jera a kansa yana kartar yatsa.

Gurnani da wutar da ke bayansa

Naɗin wayar nan ba ya tantance maganaɗisun da ya dame shi. Wutar gidaje a Nijeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a sakan, kuma kowace waya da fanka da caja da taransifoma suna watsa wannan juyi a kewayensu. Maɗaukin yakan kwashe shi ya miƙa wa akwati, a ji shi a matsayin gurnani. In da janareta ake aiki, gurnanin yakan hau ya sauka da numfashin injin. Wani injiniyan kamfanin Gibson, Seth Lover, ya yi maganin abin da dabara mai sauƙi. Ya haɗa naɗi biyu masu saɓa wa juna, yadda gurnanin ɗaya zai soke na ɗayan, sautin tsirkiya kuma ya ƙaru. Kamfanin ya fara sa wa jitocinsa irin wannan a 1957. Wanda tasa mai naɗi ɗaya ce, sau da yawa juya jiki kawai ko nisantar fanka ya isa.

Akwai gurnanin da ba a sabawa da shi. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin akwatin ta waya, mai kiɗa kuma yana riƙe da su da hannu mai gumi. Idan akwatin ya lalace, gidan kuma ba a ja masa wayar da ke kai wuta ƙasa ba, ko an karye ƙafa ta uku ta fulogi don ya shiga soket, to jikin mai kiɗan ne zai zama hanyar wutar. A 1972 wani makaɗin jita ɗan Birtaniya, Les Harvey, ya mutu a gaban 'yan kallo a garin Swansea, bayan ya taɓa makirufo da wuta ta hau. Duk wanda ya ji tsirkiya tana ɗan cizonsa, ya cire fulogi ya nemi mai gyara.

Daga Abalak zuwa Sakkwato

A Kano jita mai lantarki ba ta yi kaka-gida ba kamar fiyano, wanda ya mamaye waƙoƙin finafinan Hausa tun daga ƙarshen shekarun 1990. An fi ganin ta a coci-cocin Sabon Gari da wajen makaɗan otal. Amma a arewa da iyaka, wajen Abzinawan Nijar da Mali, ta zama kamar kayan gado. Ƙungiyar Tinariwen ta Mali ta ci kyautar Grammy a 2012, kuma a Agadas da wuya a yi babban biki ba a ji kukanta ba.

Labarin Mahamadou Souleymane, wanda aka fi sani da Mdou Moctar, ya fi kusa da gida. Mutumin yankin Abalak ne a jihar Tawa. Gidansu ba su yarda da kiɗa ba, don haka jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Waƙoƙinsa na farko, waɗanda aka tara da sunan Anar, a Sakkwato ya ɗauke su a 2008, da irin na'urar gyara murya da mawaƙan finafinan Hausa ke amfani da ita. Ta wayoyin hannu suka bazu a Sahel, daga wannan zuwa wancan, kafin Turai da Amurka su san shi. Bahago ne, kuma da Stratocaster ya yi suna.

Abin lura ga ɗalibin kimiyya shi ne yadda irin waɗannan makaɗa suka sa jita ta yi magana da harshen gida. Wuyan garaya da gurmi sumul yake, yatsa yana iya tsayawa ko'ina, ya zame daga wannan sauti zuwa wancan yadda muryar mawaƙi ke hawa da sauka. Wuyan jita kuwa an gindaya masa ƙarafa. Kowane ɗaya yana ƙara saurin rawar tsirkiya da kusan kashi shida cikin ɗari, na goma sha biyu kuma yana raba tsirkiyar biyu daidai, saurin ya ninka. Wannan awo na Turai ne, kuma kunnen da ya tashi da garaya yakan ji shi a sandare. Sai dai tsirkiyoyin jita mai lantarki sirara ne, masu laushi. Makaɗi yana iya tura su gefe da yatsa ya ƙara musu ɗauri, ya samo sautukan da ke tsakanin ƙarafan. Ashe ba kunne kaɗai ke bin jita ba, ita ma hannu yakan lanƙwasa ta ta bi kunne.

Sabo iri biyu

Ƙwaƙwalwa ba ta karɓar sauti hannu sake. Tana da abin da take tsammani, wanda ta gina daga duk abin da ta taɓa ji, kuma tana auna sabon sauti da shi. Abin da ya saɓa wa tsammaninta shi take ɗagowa ta nuna wa mutum, shi ya sa a kwanakin farko saurayin ba ya jin komai sai aibu. Da ta yi ta ji, sai ta sake ma'auni. Ta daina kula da ƙaramin gurnanin da ba ya canzawa, kamar yadda mutanen Kabuga suka daina kula da motoci. Ta kuma koyi haɗa motsin yatsa da amon da ke fitowa daga kusurwar ɗaki. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Robert Zajonc, ya nuna a 1968 cewa yawan cin karo da abu kaɗai yakan sa mutum ya ƙara son sa. Wannan shi ne sabo na koyo, kuma ba ya rage wa kunne komai. Hasali ma ƙara masa basira yake yi.

Na biyun shi ne wanda Hausawa suka kira turken wawa. A can cikin kunne, bayan dodon kunne da ƙananan ƙasusuwa uku, akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikinta akwai ƙwayoyin halitta kimanin 15,000 masu ɗan gashi a ka. Su ne ke mayar da karkarwa saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani takan gajiyar da su, idan ta yawaita ta kashe su. Abin mamaki, tsuntsaye sukan tsiro da wasu idan nasu sun mutu. Ɗan Adam kuwa wanda ya rasa ya rasa ke nan.

Ga inda tarkon nan yake. An riga an ga cewa kiɗa ya fi daɗi idan an ƙara shi. Ga kuma ƙarar titi da ta janareta suna danne sautin, sai saurayin ya murɗa maɓallin sama. Bayan rabin sa'a ƙwayoyin kunnensa sun gaji, abin da ya ji da ƙarfi ɗazu yanzu ya zama daidai, sai ya sake murɗawa. A ransa ya saba ne. A haƙiƙa jinsa ne ya ragu.

Ana auna ƙarfin ƙara da ma'aunin desibel. Hira tsakanin mutum biyu takan kai wajen 60. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a kan 85 na tsawon sa'a takwas a yini, kuma duk ƙarin desibel uku yana raba lokacin biyu. A kan 88 sa'a huɗu ke nan, a kan 91 sa'a biyu, a kan 100 kuwa minti goma sha biyar kacal. Akwatin jita matsakaici, in an buɗe shi a ƙaramin ɗaki, yana iya wuce 100. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin raunin ji saboda yawan sauraren ƙara, kuma mafi yawansu ba su taɓa riƙe jita ba, abin sauraren da ake cusawa a kunne ya ishe su.

Bambance sabon nan biyu ba shi da wuya. Mai sabo na koyo yana ƙara jin abubuwan da da ba ya ji, kuma maɓallin ƙararsa yana nan inda yake tun makon farko. Wanda kunnensa ke lalacewa kuwa maɓallin kullum gaba yake yi. In ya ajiye jita sai ya ji kunnen yana masa kuka shi kaɗai, ko ya ji maganar mutane kamar an toshe masa kunne da auduga. Yawanci wannan yakan wuce kafin gari ya waye, amma kowane zuwa yakan bar ɗan tabo. Ɓarnar takan fara ne daga wajen sau 4,000 a sakan, yankin da ke taimakawa wajen rarrabe baƙaƙe irin su s da sh da f, saboda haka mutum yana jin ana magana amma kalmomin suna kuɓuce masa, musamman a cikin taro. Ga ɗalibin da ke zaune a bayan aji mai mutum tamanin, wannan ba ƙaramar asara ba ce. In abokin da ke nesa da mutum da kamu ɗaya na hannu sai ya ɗaga murya kafin a ji shi, to ƙarar ta yi yawa. Ɗan ɗigon alli a jikin maɓallin tun ranar farko zai nuna wa mai jita ko kunnensa ne ke yaudararsa.

Malamin da ke son ɗalibansa su ga ƙa'idar Faraday da idonsu ba sai ya sayi jita ba. A sami katako mai tsawon mita ɗaya, a kafa ƙusa a kowane ƙarshe, a ɗaura silin wayar birkin keke a tsakani, bayan an gwada an ga maganaɗisu yana kama ta. A ciro maganaɗisu daga tsohuwar lasifika, a naɗe shi da siririyar wayar jan ƙarfe daga mataccen taransifoman rediyo, zagaye ɗari biyar ko fiye, a kankare bakin wayar biyu a jona su da ƙaramin akwatin sauti mai batir. A kara maganaɗisun a tsakiyar wayar a kaɗa, sannan a matsar da shi kusa da ƙusa a sake kaɗawa, ɗalibai su faɗi bambancin da suka ji. Daga nan a cire wayar birkin a ɗaura zaren roba a gurbinta, a bar su su gano da kansu dalilin da ya sa akwatin ya yi shiru.